Jirgi a Gonar Gyaɗar Inna

Tun hantsi jirgin Alhaji Maliki yake shawagi a kanmu. Ƙaramin jirgi ne fari, mai farfela ɗaya a hanci, ƙararsa kamar ta injin niƙa da ya daɗe bai ga bakanike ba. Ya yi wajen Daura ya ɓace, ya dawo, ya yi wajen Sandamu, ya sake dawowa. Duk dawowar da zai yi sai ya yi ƙasa ƙasa ya karkata fiffike, don kada wani ya ce bai gan shi ba.

Ni da Inna muna gona a lokacin. Gonar gyaɗa ce da Baba ya bar mana, a gefen hanyar da ta tashi daga ƙauyenmu, Unguwar Dargaza, ta nufi Zango. Da ita muke ci. Inna tana matse mai, ni ina soya ƙuli-ƙuli, kuma daga cikinta muke ware irin baɗi. Inna ta tumɓuke tushe guda, ta fasa ɓawo, ta ga cikinsa ya yi duhu.

"Ta nuna, Siddiƙa," in ji ta. "Gobe zan kai goron gayya. Ruwa ya ɗauke, in muka bari ƙasa ta bushe, rabinta a ciki zai tsinke."

Ba ta ɗaga kai ta dubi jirgin ba ko sau ɗaya. Ita ta san mai shi tun yana yawo ba wando. Maƙwabtan juna ne a da, kuma ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke zuwa cin kasuwar Mai'aduwa. Ya fara da sayar da fetur a kwalba a bakin tashar Zango, yanzu kuwa gidajen mansa sun cika hanya daga Daura har Kano. Da kuɗi suka yi masa yawa sai ya tafi makarantar koyon tuƙin jirgi, ya sayi nasa, ya aiko gida cewa zai zo ya gai da dangi daga sama. Tun safe mazan ƙauyenmu suka saka rigunan salla suka tsaya a ƙofar mai unguwa suna ɗaga wa sama hannu.

Muna nan sai ƙarar ta sauya. Jirgin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari. Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san wannan tarin. Daga nan ya yi shiru gaba ɗaya, farfelar tana juyawa a hankali, ya taho yana saukowa kamar ungulu ta hango mushe. Inna ta fizge ni muka faɗa bayan tsamiyar da ke tsakiyar gonar.

Ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya bi kunyoyin gyaɗa yana nome su da tayoyi. Tayar gaba ta nutse a yashi, hancin ya kife, wutsiyar ta ɗaga sama kamar kaza tana tsattsaga. Ƙura ta lafa. Ba wuta, ba hayaƙi, ko ƙaurin wani abu babu.

Ƙofa ta buɗe, Kabo ya faɗo. Kabo maroƙin Alhaji ne, ƙato mai tumbi, wanda duk inda Alhaji ya sa ƙafa yana bayansa yana kirari. Hularsa ta tafi, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ya rarrafo ya kama zanen Inna yana haki.

"Inna, mai ne! Wallahi mai ya ƙare! Tun a kan Kusugu allurar ta kwanta, na ce Alhaji mu wuce Katsina mu sauka, ya ce ai allura maƙaryaciya ce, kullum akwai saura a gindin tanki. Sai ga kawunsa na Sandamu a waya, wai an gai da mutanen Daura an tsallake shi. Muka je. Sai surukansa na Zango, wai su ba mutane ba ne? Muka zo. Gidan ƙanwar babansa ma sai da muka zagaya, ta ce tana banɗaki ba ta gani ba, a sake!"

"To ka sakar mini zane," in ji Inna.

Sannan Alhaji ya fito. Ɗan jini ne a goshinsa, bai kai na kaciya ba. Ya gyara babbar rigarsa, ya dubi jirgin, ya dubi hanya inda mutane suka fara ɓullowa a guje, ya dubi Kabo. Kallo ɗaya ya yi masa, Kabo ya rufe baki ya shiga neman hularsa. Mu kuwa bai dube mu ba. Da kututture biyu ne a wurin da sai ya fi lura da su, don kada ya yi tuntuɓe.

Kafin azahar gonarmu ta zama kasuwa. Mutane suka zo daga Zango, daga Sandamu, har daga Daura, a kan babura da motocin haya. Masu rake da masu ruwan leda suka kafa. Kowa yana so a ɗauke shi hoto yana dafe da fiffike, kuma duk a kan gyaɗarmu suke tsaye. Inna tana cewa, "Bayin Allah ku bi ta gefe," ba wanda ya ji. Wani saurayi ma ya tumɓuke tushe yana ci yana kallo.

Aka shimfiɗa wa Alhaji darduma a inuwar tsamiya, manyan gari suka kewaye shi suna barka da arziki. Mai unguwa Mati ya durƙusa ya tambaye shi abin da ya faru. Ina tsaye a bayan Inna, na ja mayafi na rufe rabin fuskata, ina ji.

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi rassan tsamiyar, ya girgiza kai.

"Mai unguwa, akwai abin da ba a faɗa. Jirgi lafiya lau, tanki cike. Ina zuwa saitin wannan itaciya sai na ji an riƙe ni. Ja ake yi daga ƙasa. Ba don addu'ar iyaye ba da yanzu wani zancen ake."

"Na ga hannun!" in ji Kabo. "Baƙi ƙirin, mai gashi, ya kama wutsiya. Wani matuƙin ne da tuni ya saki. Amma giwa ko ta faɗi ta fi ƙarfin kare! Na Hajiya mai rijiyar fetur, wa ya isa ya ce ka rasa mai?"

Ba wanda ya ce ya rasa mai. Shi ya kawo zancen da bakinsa, amma jama'a ba su lura ba, don sun shagala da ja da baya daga gindin tsamiyar. Saurayin nan ya tofar da gyaɗar da ke bakinsa ya goge harshe da hannun riga. Wani tsoho ya tuna wai kakata ta taɓa yin bori. Wani ya ce shi dama in ya biyo hanyar da magariba yakan ji tsigar jikinsa ta tashi. Mutumin nan shekara da shekaru yana cin ƙuli-ƙulinmu bashi, tsigar ba ta taɓa hana shi ba.

Hukuma ta zo ta kewaye jirgin da igiya, ta ajiye ɗan banga ɗaya yana gadi, aka ce kada a taɓa komai sai masu bincike sun zo daga Abuja. Igiyar ba ta ci ko kwatan gonar ba. Sauran tana nan, abin da ƙafafu suka bari, tana jiran a cire.

Washegari Inna ta kai goron gayya gida gida. Haka muke yi a wajenmu. Wanda aikin gona ya fi ƙarfinsa sai ya raba goro, ya dama kunu, ya tuƙa tuwo, maza su taru da fartanya su gama masa a yini guda. Tun rasuwar Baba ba a taɓa mayar mana da goro ba. A wannan karon kowa ya sami uzuri. Wannan ƙugunsa ke ciwo, wancan zai kai akuya kasuwa. Mahdi mai shayi, wanda kullum yake sayen man gyaɗarmu, ya aiko a ce ya sami na kanti. Na fita da farantin ƙuli-ƙuli na dawo da shi yadda yake, mata suna leƙe ta katanga suna janye 'ya'yansu.

Inna ta je wurin mai unguwa, na bi ta. Muka durƙusa a zaure muka gaishe shi. Ta gaya masa abin da Kabo ya faɗa da bakinsa kafin mutane su iso.

"Adawiyya," ya ce, "ki ji tsoron Allah. Mutumin da tankokinsa ke shayar da rabin jihar nan, shi ne mai zai ƙare wa? Ai ko a mafarki. Wa ya ji Kabo ya faɗa?"

"Ni da Siddiƙa."

"To, ke da Siddiƙa." Ya yi murmushi ya dubi mazan da ke zaune, su ma suka yi. "Ki je ki nemi malamai su yi miki sauka a gonar. Alhaji ya ce zai gina mana masallaci, kada ki ja mana."

Inna ta tashi muka koma gida. Da muka shiga ta ɗauko fartanya biyu ta miƙo mini ɗaya.

Muka fara cira mu kaɗai. Gonar da maza ashirin ke gamawa a yini, mace biyu za su yi mata me? Ƙasa tana ƙara tauri kullum. In ka ja tushe sai ya taho da ganye da 'yan ƙwayoyi, sauran su tsinke a ciki, sai ka bi da yatsa kana tono. Gara ta fara shiga ta gefen gabas. Hannuwana suka yi kanta suka fashe. Mutum ɗaya ce ta zo mana, Gwaggo Hasana, tsohuwar da ke bayan gidanmu, wadda ta ce ita aljanin da zai ɗauke ta ya makara, haƙoranta ma sun riga ta tafiya. Ba ta iya sunkuyo sosai, sai ta zauna tana tsinke ƙwayoyin tana tara harawa gefe.

Jirgin yana nan a gabanmu da wutsiyarsa a sama. Tsuntsaye sun fara yi masa kashi. Labari ya zo cewa masu binciken za su iso ranar Asabar.

Ranar Juma'a, da rana ta take tsaka, mazan ƙauyenmu suka wuce ta hanya zuwa masallacin Zango, kowa da darduma a kafaɗa. In sun zo saitin gonarmu sai su ƙara sauri suna motsa baki. Ɗan bangan ma ya jingine sandarsa ya hau bayan babur ɗin wani ya bi su. Hanya ta yi tsit.

Ba a jima ba sai ga baƙar mota ta gangaro daga hanya ta tsaya a bakin igiyar. Alhaji Maliki ya fito, fes cikin farar shadda, da ƙatuwar filasta a goshi wadda ta ninka ciwon. An ce yana kwance a gida yana jinya, shi ya sa ba a ganinsa a masallaci. Kabo ya buɗe bayan motar ya sauke jarkoki biyu da mazurari. Jarkokin rawaya ne, an rubuta sunan gidan man Alhaji a jikinsu da jan fenti.

Kabo ya hango mu ya tsaya. "Ranka ya daɗe, akwai mutane."

Alhaji ya waiwayo, ya sa hannu ya kare rana, ya dube mu mu uku. "Ina mutanen? Mata ne. Yi sauri kafin a sauko."

Bakin tankin a saman fiffike yake, kuma ba su zo da tsani ba. Kabo ya durƙusa ya kafa hannuwa a ƙasa, Alhaji ya cire takalmi ya taka bayansa. Tumbin Kabo yana taɓa yashi yana nishi. Alhaji ya buɗe murfin ya leƙa, ya kafa mazurari, ya ɗaga jarka da kyar. Mutumin da ya fara rayuwa da ɗura fetur a kwalba ba ɗigo ɗaya a ƙasa, yanzu ga shi rabi a tanki rabi a shadda. Warin ya iso har inda muke.

"Hajiya Hasana," in ji Inna, "taso mu je mu gai da baƙi."

"Yau kuma ni ce Hajiya?" Gwaggo ta kama sandarta ta miƙe.

Na bi su a baya. Alhaji ya juye ta farko ya jefar, ya juye ta biyu ya jefar, ya tsaya yana kokawa da murfin tankin. Inna ta ɗaga igiyar ta shiga, ta kwantar da jarka ɗaya ta zauna a kai. Gwaggo Hasana ta zauna a kan ɗayar ta miƙe ƙafafu, ta ce wash.

"Sannu da aiki, Alhaji," in ji Inna. "Aljanin ne ya ce a ba shi fetur?"

Alhaji ya diro daga bayan Kabo. "Baiwar Allah, tashi daga kan kayan mutane. Ba ki ga igiyar hukuma ba?"

"Na gan ta. Kai ma ka gan ta."

"Kabo, karɓo jarkokin nan."

Kabo ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya matso, ya tsaya. Ya dubi Gwaggo.

"Taɓa ni," in ji Gwaggo. "Taɓa ni, ɗan Ladi mai koko. Ni na yanke maka cibiya, kuma tun ranar na ce wannan yaron da baki ya zo ba da zuciya ba."

Kabo ya mayar da hannuwansa baya. Alhaji ya dubi hanya. Ya sassauta murya, ya sa hannu a aljihu ya fito da damin kuɗi. "Iya, na san an yi miki ɓarna. Riƙe wannan ki sayi goro."

"Goro gare ni, Maliki. Tulinsa ma, duk wanda na kai an dawo mini da shi."

Da ta kira sunansa haka gatsau sai ya yi turus. Ina jin rabon da wani ya kira shi Maliki ba Alhaji tun kafin a haife ni.

"Kuɗinka ba zai cire mini gyaɗa ba," ta ce. "Wanda zan ba shi ya shigo gonar ma babu. Ka sa mini aljani a gona da bakinka, ka sa wa uwata da ke kabari suna, 'yata ta fita da talla ana gudunta kamar mai kuturta. Duk don kada a ce mai gidan mai ya tashi sama da rabin tanki. Ai tun kana ƙarami haka kake. In an aike ka da kwalbar kananzir sai ka sayo rabi ka girgiza ta yi kumfa."

Gwaggo Hasana ta yi dariya har da tari.

"Yaya Adawiyya," in ji Alhaji. Ashe ya san sunan. "Ki rufa mini asiri. In aka ce mai ne ya ƙare, lasisina za su karɓe. Wannan ma da sauƙi. Wa zai sake shiga gidan maina bai yi dariya ba?"

"Masu zuwa gobe tsakaninka da su. In sun tambaye ni abin da na gani, ba zan ci wuta saboda kai ba. Su dai ba su ne ke cin ƙuli-ƙulina ba. Ni damuwata waɗanda za su biyo hanyar nan yanzu. Ko su tarar da mu zaune a kan jarkokinka, sunanka a rubuce, rigarka tana wari, ko kuwa su tarar da kai kana cin gyaɗar gonar nan. Zaɓi ɗaya."

"Cin me?"

"Gyaɗa. Ɗanya. Ka tumɓuke da hannunka a gindin tsamiya, ka fasa, ka ci, suna gani. Bakin da ya sa aljanin shi zai cire shi."

Kabo ya zaro ido. "Ranka ya daɗe, kada ka ci! Gindin tsamiyar fa? Wallahi wurin nan ba lafiya ba."

Alhaji ya juya ya dube shi. "Kai jaki, ba ni na ƙirƙiro ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma fa kowa yana faɗa."

Ya faɗi ƙaryar sau da yawa har ta kama shi. Shi ma Alhajin na ga ya ɗan saci kallon rassan kafin ya ɗauke kai.

Can nesa, ta wajen Zango, ƙarar babura ta fara tasowa. An sauko daga masallaci. Alhaji ya dubi motarsa, ya dubi jarkokin da ke ƙarƙashin tsofaffi biyu, ya dubi hannuwansa masu zobba. Ba abin da ya hana shi ture su ya ɗauki kayansa sai sanin cewa Gwaggo za ta kurma ihu, kuma mutumin da ya ture wadda ta goya shi ba ya sake zama a sahun gaba, ko nawa gare shi.

Ya tattare shaddarsa ya nufi tsamiya.

"Siddiƙa, kwaso harawa," in ji Inna.

Na rungumo harawar da Gwaggo ta tara. Suka ɗaga, na lulluɓe jarkokin da mazurarin, suka koma suka zauna a kai kamar masu hutawa. Alhaji ya tsuguna, ya kama tushe ya ja. Ganyen ya tsinke a hannunsa, ya tafi da baya ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ka ga abin da nake faɗa," in ji Inna. "Ta bushe. Ba shi fartanya."

Na miƙa masa tawa ban dube shi ba. Ya sara, ya ɓanɓaro tushen, ya kakkaɓe. Ya fasa ɓawo da haƙori, ƙasa ta shafe masa leɓe. Yana cikin tauna babur na farko ya iso, mai unguwa Mati a baya. Direban ya taka birki har suka kusa faɗuwa. Na biyu ya tsaya, na uku ya tsaya, masu tafiya a ƙasa suka taru a bayansu. Duk suka yi cirko-cirko a bakin hanya, ba wanda ya sa ƙafa a gonar.

"Alhaji!" in ji mai unguwa. "Ranka ya daɗe, lafiya? Gonar nan fa..."

Alhaji ya haɗiye da kyar. Ya sake fasa wata ya jefa a baki. "Wace gona? Gona lafiya lau. Na sa an duba, abin wucewa ya yi, ba a nan yake zaune ba. Gonar yayata ce, na ga aiki ya yi mata yawa na ce bari in kama mata."

Sai Kabo, wanda har yanzu yake tsaye nesa da tsamiyar, ya ga inda iska ta juya, ya buɗe maƙogwaro.

"Allahu akbar! Ku zo ku ga tawali'u! Mai jirgin sama a tsugune a ƙasa! Daga gadon jinya ya taso don zumunci! Na Hajiya, ka hau sama ka gai da dangi, ka sauko ƙasa ka yi musu noma!"

Mai unguwa ne ya fara tsallakowa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a igiyar hukuma, ya karɓe fartanyar daga hannun Alhaji. "Haba ranka ya daɗe, muna raye? Kawo nan." Mai ciwon ƙugu ya biyo shi da gudu. Wanda tsigar jikinsa ke tashi ya wuce kowa, ya tsuguna dab da Alhaji a gindin tsamiyar, ya tumɓuke tushe ya cika baki, yana cewa bai taɓa cin gyaɗa mai zaƙin wannan ba. Mahdi mai shayi ya hau babur ya tafi gari kwaso fartanyoyi. Wanda bai samu ba ya sa hannu, wani da tsinken itace. Kowa yana sara yana waiwaye, ko Alhaji ya ga yawan abin da ya cire. Wani ya shinshina ya ce yana jin warin fetur, na kusa da shi ya ce ai jikin masu arziki haka yake.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Ba goro, ba kunu, ba ganga, maza cikin fararen kayan Juma'a sun jeru a kunyoyi suna ta tono, ƙura tana tashi. Da yawa sun tsinke a ƙasa, wanda gara ta ci ta ci, wanda aka tattake ya tafi. Amma tulin da ke taruwa a bayansu ya isa mai, ya isa iri.

Alhaji ya yunƙura zai miƙe. Inna ta ɗan ɗaga gefen harawar da take zaune a kai, rawayar jarka ta leƙo. Ya koma ya tsuguna ya ɗauki wani tushen.

Ta yafito ni da hannu, na sunkuya.

"Ruga gida ki kwaso buhuna," ta ce a hankali. "Ki haɗa har da na Gwaggo, ki ce wa matar Mahdi ta ara mana amalanke. Yi sauri. Yana tashi daga wurin nan duk za su tuna ƙugunsu na ciwo."

Na tattare zanena na ruga.